Daga Allon Zane Zuwa Dandamali: Nazari a Kan Fasahar Demas Nwoko

Masu nazarin wasan kwaikwayo na Hausa sun daɗe da sabawa da hanya guda. In an ɗauko Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, sai a bi jigo a warware shi, a dubi zubi da tsari, a auna salo da sarrafa harshe, sa'an nan a rufe littafi. Duk abin da aka nazarta ɗin nan rabon kunne ne, watau magana. Rabon ido kuwa, wato inda ɗan wasa ya tsaya, da abin da ya sa a jikinsa, da abin da ke bayansa, da inda haske ya faɗo, ba a cika tanka masa ba. Kalmomin aikin ma ba su wadata ba, domin kalmar zane ita ce ta hoto, ita ce ta layin da aka ja a ƙasa, ita ce kuma ta tufar da mace ke ɗaurawa.

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi aikin wani mai zane da ya yi karatu a Zariya, wanda ya fara da fenti a kan allo, ya koma tsara fagen wasa, daga baya ya zarce gini. Sunansa Demas Nwoko. Shi ba Bahaushe ba ne, bai kuma taɓa tsara wasa da Hausa ba. Abin da ya sa aka kawo shi shi ne, in an lura, hotunansa da fagagensa da gine-ginensa duk sana'a ɗaya ce, sana'ar ajiye mutum a wurin da matsayinsa zai bayyana ba sai an buɗe baki ba. Wannan sana'a kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai ba a ba ta suna ba, ba a kuma shigar da ita aji ba.

Zariya

An haifi Nwoko a 1935 a Idumuje-Ugboko, wani gari na Ibo da ke yammacin Kwara, cikin Jihar Delta ta yau. Ɗan sarki ne, ya tashi a fadar mahaifinsa Obi Nwoko na Biyu, a yankin da salon gini da na sarauta suka sha ruwan Binin. A 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Zariya, wadda a 1962 ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello. Sashen zane bai fi shekara biyu da tasowa daga Ibadan ba a lokacin, yawancin malamansa Turawan Ingila ne, manhajarsa kuma ta makarantun zane na Ingila ce.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta kansu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Simon Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Oseloka Osadebe da shi Nwoko. Su ne daga baya aka laƙaba wa 'Yan Tawayen Zariya, ko da yake tawayen bai wuce na tunani ba, domin sun zauna sun ci jarrabawar da aka ba su. Aƙidarsu, wadda Uche Okeke ya tsara a 1960, ana iya kiranta aƙidar saje: mai zane ya karɓi kayan aiki da dabarun Turai, ya koma ya tono fasahar kakanninsa, ya bar biyun su saje ba tare da tilas ba. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu.

Hoton Nwoko da ya fi shahara daga wannan zamani shi ne wanda ya sa wa suna Nijeriya a 1959, ko da yake a 1960 ya zana shi. A gaba ga Turawan mulki zaune bisa kujeru cikin kayan sarki, fuskokinsu dogaye, a yamutse, kamar waɗanda barci da gajiya suka haɗu a kansu. A bayansu ga baƙaƙen sojoji tsaye, sun kusa narkewa cikin duhun bangon hoton. Ba abin da ke faruwa. Ba mai magana, ba mai motsi, ba a ma nuna abin da suke kallo ba.

Duk wanda ya taɓa halartar hawan daba ya san wannan zama, na manyan baƙi a ƙarƙashin rumfa. Duk wanda kuma ya san fada ya san cewa a can wurin zama shi ne magana ta farko. Sarki na bisa karaga, manyan 'yan majalisa na kusa da shi gwargwadon daraja, dogarai na tsaye, talaka kuwa tun daga ƙofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Baƙon da bai ji Hausa ba ma, da ya leƙa zai gane wane ne wane. Nwoko ya ɗauki wannan ƙa'ida ya bi ta daidai, ya ba masu mulki kujera da haske, ya ba masu hidima tsayuwa da duhu, amma sai sakamakon ya juye. Na zaune sun yi kama da baƙon da ke jin ana ɗaura wa dokinsa sirdi a waje, alhali bai gama shan furar da aka ba shi ba. Nauyin hoton duk yana wajen na tsaye, waɗanda ba a ganin abin da ke ransu. A ranar 15 ga Maris 1959 Jihar Arewa ta sami mulkin kai, ran 1 ga Oktoba 1960 kuma ƙasar duka ta sami 'yanci. Mai zanen bai sa tuta ko taron murna ba. Jeri biyu na mutane kawai ya yi, ɗaya gaban ɗaya, suna fuskantar mai kallo, kuma wannan shi ne ainihin yadda ake jera 'yan wasa a dandamali. Tun bai je koyon tsara fage ba, idonsa na mai tsara fage ne.

Haka abin yake a hotonsa na mabarata cikin jirgin ƙasa, na 1959. Tarago akwati ne mai duhu, ya matse mutanen ciki ya turo su gaba, ba inda ido zai tsere. Sai dai a nan akwai abin cewa. An karkata jikin mabaratan an munana su har mai kallo ya rasa ko tausayi ake nema daga gare shi ko ƙyama. Masu yabon hoton sukan ce gaskiya ce ba ta da kyau. Ana iya amsa musu da cewa Turawan hoton farko ma an munana su, amma an bar musu halin mutum, ana ganin abin da ke cin su, su kuwa waɗannan siffarsu kaɗai aka bari.

Akwai kuma wani giɓi da ya kamata mai karatu na Arewa ya lura da shi. Shekara huɗu Nwoko ya yi a Samaru, 'yan mil kaɗan daga birnin Zariya, a daidai lokacin da adon bangon gidajen birnin ke tashe. Magina na fitar da dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, har da keke da mota da agogo, abin da A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1963. Ga kuma Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizonsa. Duk da haka, da aƙidar saje ta ce kowa ya koma ga gadon gida, sai kusan kowa ya fassara gida da garin ubansa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Nwoko ga sassaƙar Ibo. Clara Ugbodaga-Ngu, malamarsu haifaffiyar Kano, da Jimo Akolo su ne suka fi waiwayar abin da ke gabansu. Ba laifi ba ne mutum ya nemi tushensa. Amma sakamakon shi ne, makarantar zane mafi tasiri a tarihin Nijeriya ta tashi a ƙasar Zazzau ba tare da fasahar Zazzau ta zama ginshiƙinta ba. Hausawa ma suna da nasu kason a wannan, domin saɓanin malamai kan hoton abu mai rai, da ƙarancin 'yan boko a lokacin, sun sa ɗaliban ƙasar ba su yi yawa a sashen ba.

Dandamali

Da ya gama a 1961 sai ya shiga cikin waɗanda suka raya ƙungiyar Mbari a Ibadan, tare da Ulli Beier da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo. Daga nan ya tafi birnin Faris na Faransa ya koyi tsara fagen wasa da zanen bango. A 1963 ya kama aikin koyarwa a Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, inda ya zauna har 1978.

Kafin a auna abin da ya yi, sai a san abin da ya tarar. Dandamalin da Turawa suka kawo makarantu akwati ne mai bango uku, na huɗun a buɗe wajen 'yan kallo. A can ƙurya akan rataya babban labule da aka zana wa daji ko titi ko falo, an ƙanƙanta abin da ke nesa an girmama na kusa don ido ya ruɗu ya zaci akwai zurfi. Dabara ce tsohuwa, tun 1545 Sebastiano Serlio na Italiya ya bayyana ta a littafinsa na gini. Aibinta a fili yake. Itacen da ke jikin labule shafaffe ne, ɗan wasa kuwa mai jiki ne, yana da inuwa. Da ya matsa kusa da labulen sai ya fi dutse tsawo, ƙarya ta tonu.

Aikin da ya fito da Nwoko shi ne wasan Mashayin Bammi na 1963. Labarin na Amos Tutuola ne, daga littafinsa na 1952, Kola Ogunmola kuma ya mayar da shi wasan waƙa da Yarbanci ya fito a matsayin mashayin. Labari ne na mutumin da mai yanko masa bammi ya mutu, ya bi shi har garin matattu, yana ratsa dazuzzukan aljanu. A ciki akwai wani kyakkyawan saurayi da ya aro gaɓoɓinsa, yana tafe yana mayar wa masu su, har ya rage ƙoƙon kai kawai. Wane labule ne zai ɗauki wannan? In an zana dajin aljanu a jikin ƙyalle, daji ne kawai, aljanun ba sa ciki. Bugu da ƙari, ƙungiyar Ogunmola ta yawo ce, yau tana wannan gari gobe tana wancan, kayanta sai abin da mota za ta ɗauka.

Abin da Nwoko ya yi shi ne ya ɗebe nauyin daga bango ya aza shi a jikin 'yan wasa. Sutura ta zama kamar sassaƙa mai tafiya, kayan fage suka taƙaita, siffa da launi da rawa suka ɗauki aikin gaya wa mai kallo inda ake. In dodo ya shigo, daji ya shigo tare da shi, in ya fita fage ya koma wofi, a shirye don wani wuri. Abin mamaki ne a ce mai zanen hoto ne ya rage wa hoto matsayi a dandamali, amma in an tuna Nijeriya a 1959 sai mamakin ya ragu. A can ma bangon duhu ne kawai, mutane ne wurin.

Ya ci gaba da wannan hanya a wasan Danda, daga littafin Nkem Nwankwo, wanda Nijeriya ta kai bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, da kuma wasan rawa na 'Ya'yan Aljanna da ya tsara don bikin FESTAC na Legas a 1977. A 1970 ya buga maƙala a mujallar Présence Africaine kan neman sabon wasan kwaikwayo na Afirka, inda ya ba rawa da kiɗa da abin gani muhimmancin da aka saba ba rubutacciyar magana.

Gyara biyu suka wajaba a nan. Na farko, masu yabo sukan nuna kamar watsi da labulen zane tunani ne na Afirka zalla. Ba haka ba ne. Adolphe Appia na Suwizalan da Gordon Craig na Ingila sun yaƙi labulen tun farkon ƙarni na 20, kuma ɗalibin da ya je Faris a farkon shekarun 1960 ya tarar da wannan yaƙi ya riga ya yi nisa. Gudummawar Nwoko ita ce ya gane cewa abin da Turai ta kai gare shi da gardama, dodannin Ibo da Yarbawa sun daɗe suna yinsa a dandalin gari, ya kuma san yadda zai ɗauko shi ba tare da ya kwafo dodon tsafi ya dire a gaban 'yan kallo ba. Na biyu, aikin fage aiki ne mai mutuwa. Hoton 1960 yana nan ana iya tsayawa gabansa, wasan 1963 kuwa sai 'yan hotunan kyamara da shaidar waɗanda suka gani. Tun daga ƙarshen shekarun 1960, bayan hotunan sojoji da ya zana lokacin yaƙin basasa, fenti ya ja baya ƙwarai a aikinsa. Dandamali ya ci riba, amma Nijeriya ta yi hasarar mai zanen da ya fi tsararrakinsa iya zambo da fenti, a daidai lokacin da sababbin masu zama bisa kujerun nan suka fi bukatar a zana su.

Yumɓu da Jar Ƙasa

Abin da bai ɗauka daga Zariya ba ya ɗauka daga kudancinta. A tsakiyar shekarun 1960 ya shiga ƙera mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, yana koyi da kayan Nok da Bernard Fagg ya tattara a gidan tarihi na Jos, har ya gina matoya ta kansa don ya sami irin launi da kaushin na dā. Daga yumɓu zuwa gini taki ɗaya ne. A 1967 ya fara gina ɗakin aikinsa na New Culture a kan wani tudu a Ibadan, da filin wasa a ciki, da bulo na jar ƙasa da aka ɗan gauraya da siminti. Sa'an nan majami'ar 'yan ɗarikar Dominikan a Ibadan wajen 1970, da Cibiyar Al'adu ta Oba Akenzua a Binin. Bai riƙe takardar shaidar masu tsara gini ba, amma a 2023 bikin gine-gine na birnin Venis ya ba shi lambar Zakin Zinariya ta aikin rayuwa.

Ba za a tsawaita kan gine-ginen ba. Abin lura kawai shi ne yadda yake sarrafa haske. Ba ya son faffaɗar tagar gilashi mai kwararo rana da zafi. Yakan bar ɗaki da ɗan duhu da sanyi, ya saki haske daga sama ya sauka inda ake so ido ya je. Mai tsara fage ke nan har yanzu. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Kano ko Zariya da tsakar rana, ya ji sanyin katanga mai kauri, ya ga zaren haske daga 'yar taga can sama, ba zai ji baƙunci ba, ko da yake Nwoko daga Binin ya biyo ya iso nan.

Abin da ya Shafi Wasan Hausa

In an dawo gida, sai a ga cewa ƙa'idar Mashayin Bammi ita ce ƙa'idar tashe. Daga goma ga azumi yara kan bi gida gida, ba labule ba dandamali. Yaro ya manna gemun auduga ya riƙe sanda ya ranƙwafa, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya ƙulle-ƙulle da saiwoyi, ya zama Jatau Mai Magani, ƙofar gidan da ya tsaya kuma ta zama kasuwa. Ɗankama ya naɗa rawani ya zauna zaman malami, wurin ya zama makaranta. A wasan gauta, da an sa wa mace alkyabba an ajiye ta inda sarki ke zama, sauran suka jeru gwargwadon sarautar da kowa ke kwaikwaya, fada ta kafu.

Duk da wannan gado, malamin makarantar da zai shirya wasan ƙarshen shekara, a Dalijan ne ko a Kalgo ko a tsakiyar Kano, abin da ya fi damunsa shi ne inda zai sami ƙyalle da fenti a zana masa bukka da bishiyar kuka, da tebur da kujerun da za su nuna ofis. Yana ganin in babu su wasan bai cika na zamani ba. Finafinan Hausa da suka bunƙasa tun daga 1990 sun gaji wannan tunani ta wata fuska, inda aron falo mai manyan kujeru ya zama shi ne tsara fage, mai kuɗi da malami da ɗan siyasa duk falonsu ɗaya, sai an yi magana kafin a san gidan wa aka shiga.

An taɓa gwada wata hanya, a Samarun da Nwoko ya bari. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Steven Ehrlich, wani mai tsara gini Ba'amurke, ya zana gidan wasa na ɗakunan ƙasa da ke kewaye da fili, maginan Hausa suka gina shi. Ana iya yin wasa a tsakar filin, ko a bakin ɗakunan, 'yan kallo su zauna ta kowace fuska. Tsakar gida ce aka mayar dandamali. Abin da Nwoko ya yi da gadon Binin a Ibadan, shi aka yi da gadon Hausa a nan, shekara goma sha biyar bayan tafiyarsa, kuma a wannan karon ma tunanin daga baƙi ya fito.

Sai dai ba dukkan ra'ayin Nwoko ne zai zauna daidai a wasan Hausa ba. Shi ya rinjayar da rawa da abin gani a kan magana, wataƙila don yana neman wasan da Bayarabe da Ibo da baƙon Dakar za su fahimta tare. Wasan Hausa kuwa ƙarfinsa na cikin baki, a habaici da zambo da karin magana da gatse. In an cire wa ɗankama harshensa, rawanin kaɗai ba zai ba kowa dariya ba. Abin ɗauka daga gare shi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi amfani ga mai nazari: idan an zo fitowar kotu a wasa irin Jatau Na Kyallu, a tambayi inda alƙali ya zauna da tsawon abin da ya zauna a kai, da tazarar da ke tsakaninsa da mai ƙara, da wanda aka bari a tsaye, da wanda ya tuɓe takalmi. Marubutan wasannin Hausa na farko ba su cika rubuta waɗannan ba, domin sun san masu karatunsu sun san su. Ɗalibin da ya tashi a gidan bulo, bai taɓa shiga zauren alƙali ba, ba lalle ne ya san su ba.